Saurin hannun dama a jitar kilasik: me ya sa yatsu suke tsayawa a 80?

Wani ɗan'uwa daga Agege ya aiko da tambaya. Ya ce ya kai shekara biyu yana koyon jitar kilasik, mai tsirkiyar nailan. Hannun hagu ya fara sakewa, na dama ya ƙi. Idan ya kunna metronom, na'urar da ke ƙidaya bugun kiɗa a minti, yana buga sauti huɗu a kowane bugu, da ya kai bugu 80 a minti sai yatsu su sarƙe, sangalin hannu ya yi tsami, tiremolonsa kuma, wato maimaita sauti ɗaya da sauri-sauri, ɗingishi yake yi. Da rana yana shago, bayan Isha'i ne kawai yake samun kamar minti 45. Ina gyaran yake?

Ɗan'uwa, yatsanka yana buga tsirkiya, amma ba ya saki bayan ya buga. Nan matsalar take. A cikin sangalin hannu akwai naman da ke naɗe yatsu, ta gefen tafi, akwai kuma wanda ke miƙe su, ta baya. Idan ka buga ka bar yatsan a ƙanƙame cikin tafi, sai mai miƙewa ya ja shi da ƙarfi alhali mai naɗewa bai saki ba, su yi ta ja-in-ja. A 60 ba za ka ji komai ba, don sauti huɗu ne kacal a daƙiƙa, akwai sarari. A 80 sun haura biyar, sararin ya ƙare, shi ne tsamin da kake ji. Wanda ke buga 120 sauti takwas yake fitarwa a daƙiƙa, kuma bai fi ka ƙarfin hannu ba. Yatsansa ne ke komawa wurinsa da kansa, a sake, kafin a sake nemansa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanyar koya wa yatsa wannan sakin ce.

A takardun kiɗan jita babban yatsa p ne, manuni i, na tsakiya m, na zobe a. Tsirkiya ta 1 ita ce siririya ta ƙasa, ta 6 mai kaurin ta sama. Da su zan yi magana.

Fara da zama, don rabin masu wannan kuka a bakin katifa suke kiɗa, jita kan cinyar dama, kafaɗa a ɗage. Samu kujera marar hannu, ka zauna a bakinta. Ƙafar hagu ta hau wani abu mai tsayin santimita 12 zuwa 18, bulo ma ya yi, ƙugun jita ya zauna kan cinyar hagu, kanta ya tashi kusan daidai da idonka. Sangalin dama ya kwanta a gefen faffaɗan ɓangaren jitar da nauyinsa kawai, ba dannawa. Wuyan hannu ya miƙe daidai da sangali, kada ya karye ya leƙa ƙasa, kuma a bar faɗin yatsu uku ko huɗu tsakaninsa da fuskar jita. Babban yatsa ya fito gaba ta wajen wuyan jitar, sauran su shige ta bayansa zuwa tafi; idan p da i suna karo, ka san hannun ya karkace. Sa madubi a gabanka, ko ka jingina waya ta ɗauke ka. Abin da kake jin kana yi da abin da hannu ke yi sukan sha bamban.

Sai bugun kansa. Motsin daga babbar gaɓa yake fitowa, wadda ta haɗa yatsa da tafi, gaɓar tsakiya tana biye. Iri biyu ne: apoyando, wanda yatsa ke wucewa ya kwanta kan tsirkiyar da ke bayan wadda ya buga, da tirando, wanda yake wucewa ta samanta zuwa cikin tafi. A duka biyun tura tsirkiya ake yi ciki, ta wajen fuskar jita, sannan ta zame. Wannan turawar ce ke motsa allon gaba ya ba da amo mai kauri. Mai ƙugiya da yatsa yana fizgo tsirkiya waje, sai ta dawo ta mari ƙarfen wuyan jita, amo ya yi siriri, hannu duka yana tsalle a kowane sauti. Hannun da ke tsalle ba zai taɓa yin sauri ba, don kowane bugu sai ya sake neman inda tsirkiya take.

Ga aikin farko, kuma shi ne mafi gundura. Metronom a 50, sauti ɗaya a kowane bugu. Ɗora p kan tsirkiya ta 5 ya huta. Ɗora m kan ta 3, daidai inda tsoka da farce suka haɗu. Tura, ta zame, nan take ka zare ƙarfi gaba ɗaya. Kada ka miƙe yatsan da gangan. Bar shi ya faɗo da kansa, zai tsaya gab da tsirkiyar. Kama sangalin dama da hannun hagu a hankali: ya kamata ka ji naman ya motsa ya kwanta, ya motsa ya kwanta. Idan ya motsa ya tsaya da tauri, ba ka saki ba. Yi sau 20 da m, 20 da i, 20 da a. Minti biyar kullum, ko ka shekara goma kana kiɗa.

Maganar farce ta cancanci a tsaya a kanta, don sau da yawa abin da mutum ke kira rashin sauri farce ne ke maƙalewa. Idan ka juyo tafin hannu ka duba, milimita 1 zuwa 2 ya isa ya leƙo bayan tsoka. Fiye da haka ƙugiya ne. Kada ka yi masa siffa da abin yanke farce ko reza. Da abin gogewa ake yi, a fitar da gangare mai santsi wanda ya fara ƙasa ta gefen babban yatsa ya ɗan tashi ta gefen ƙaramin, yadda tsirkiya za ta hau ta sulale. Bayan nan sai samfefa mai laushi, lamba 600, sai 1200, sai 2000. Wajen masu sayar da kayan fentin mota ake samun irin waɗannan, falle ɗaya zai daɗe maka. Goge bakin farcen har da ƙarƙashinsa. Gwaji: ja bakinsa kan tsirkiya ta 1 a hankali, in ka ji ƙaiƙayi ko ƙara, da saura. Kada ka goge farce bayan wanki ko wanka, ya jiƙa ya yi laushi, siffar za ta canja idan ya bushe. Da hunturu farata kan tsage, ka riƙa shafa man kaɗanya da dare, ka goge shi tas kafin ka taɓa jita.

Na san abin da ke ran mai karatu Musulmi a nan. Hadisin Anas da ke Sahih Muslim ya iyakance barin farce da kwana 40, kuma mutanenmu ba sa ganin dogon farce da mutunci. Tsayin da na faɗa kaɗan ne, kuma duk kwana biyu ko uku ana rage shi, amma hukunci na malamai ne, ka tambayi naka. Farcen roba da ake mannawa da gam kam yana hana ruwan alwala kaiwa ga farce, ban ba ka shawararsa ba. In ka zaɓi yankewa ƙasa-ƙasa, ba ka fita daga layi ba: cikin manyan makaɗan jita na da, Fernando Sor, wanda ya rasu a 1839, da tsoka zalla yake kiɗa, abokinsa Dionisio Aguado kuma da farce, Francisco Tárrega ma ya yanke nasa a ƙarshen rayuwarsa. Amon tsoka ya fi taushi, bai kai na farce ƙara ba, tiremolo kuma zai fi ba ka aiki. Abu ɗaya dai, ka tsaya a guda. Yau da farce gobe babu yana rikita hannu.

Yanzu musayar i da m, wadda ita ce ƙashin bayan gudu a sikel, wato hawa da saukar sautuka a jere. Ka ga mata biyu suna lugude a turmi ɗaya: taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi, babu mai jiran wata. Haka i da m. Lokacin da i ke shiga, m na fitowa, a lokaci guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne i ya buga, ya zauna, m ya buga, sannan i ya tuna zai dawo. Maganinsa dasa yatsa: da i ya buga, nan take m ya sauka kan tsirkiyar ya kashe sautin, ya jira lokacinsa. Da m ya buga, i ya sauka. Sautin zai fito a guntule, tak, tak, tak, da shiru a tsakani. Haka ake so. Metronom a 60, sauti biyu a bugu, kan tsirkiya ta 1 ba tare da hannun hagu ba. Kiɗan a hankali yake tafiya amma saukar yatsa kamar walƙiya take, wato kana koyon motsin sauri ba tare da kana cikin sauri ba. Yi da apoyando, yi da tirando. Sannan ka maimaita da m da a. Za ka ji sun fi nauyi, kuma ba laifinka ba ne: jijiyoyin da ke miƙe yatsan zobe a ɗaure suke da na maƙwabtansa ta bayan hannu, manuni kuwa yana da ƙarin naman kansa. Minti biyu na m da a kullum yana gyara i da m fiye da yadda za ka zata, don idan a ya ƙage, m ba ya sakewa.

Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce ka fara a hankali ka riƙa ƙara 2 ko 4 a metronom. Tana aiki har zuwa wani wuri, sannan ta kai ka bango, kuma bangon naka 80 ne. Dalili: a hankali yatsa na iya yin babban zagaye ya tsira, da gudu dole motsin ya ƙanƙance, kuma hannu ba zai gano ƙaramin motsin ba sai ya ɗanɗana gudun. Don haka ake ba shi gudun a gutsure. Sa metronom a 100. Buga sauti uku kacal da saurin huɗu-a-bugu, i-m-i, ka tsaya, ka saki hannu har bugu biyu su wuce. Sake. Sannan m-i-m. Idan ukun sun fito tsaf sau goma a jere, koma biyar: huɗu cikin bugu ɗaya, na biyar ya sauka kan bugu na gaba. Daga nan tara. Gutsuren yana ƙarewa kafin tauri ya samu lokacin taruwa, shi ya sa wanda ya maƙale a 80 yakan iya uku a 110 tun makon farko. Alamun cewa ka wuce gona da iri ba a kunne kaɗai suke ba: ƙaramin yatsa ya miƙe ya sandare, p ya danne tsirkiyar da yake hutawa a kai, kafaɗa ta tashi, ka cije haƙora, ka riƙe numfashi. Ka ga ɗaya daga ciki, rage 8 ko ka rage yawan sautin. Haɗa da bugun dogo-gajere, dogo-gajere, sannan gajere-dogo. Shi ma gutsuren gudu ne na sauti biyu.

Mafi yawan tuntuɓe a sikel wajen ƙetare tsirkiya yake faruwa. Daga ta 3 zuwa ta 2, idan i ne ya gama a ta 3, m ya karɓa a ta 2, abin na tafiya sumul, don m ya fi tsawo, dama can yake leƙe. Idan aka juya, m a ta 3 sannan i a ta 2, hannu sai ya ɗan murɗa. Wajen dawowa kuma akwai jarabar jan yatsa ɗaya: ya buga ta 2 da apoyando, ya kwanta kan ta 3, sai ya buga ta shi ma maimakon ya ba ɗan'uwansa. A hankali ba a ganewa, da gudu shi ke karya lugudan. Yi sauti huɗu a kowace tsirkiya daga ta 1 zuwa ta 6 ka dawo, sannan uku-uku, wanda ke tilasta maka ƙetarawa mai daɗi da marar daɗi bi da bi. Tazarar tsirkiyoyi a inda dama ke bugawa ba ta wuce santimita ɗaya da ɗoriya ba, amma daga ta 1 zuwa ta 6 ya kusa santimita 6, kuma sangali ne zai ɗauki hannu ya kai shi, ba yatsu su miƙa ba. A duk waƙar da kake koyo, rubuta i da m da fensir a kan wurin gudu, ka bi abin da ka rubuta kullum. Hannun da ke zaɓar yatsa sabo kowane dare bai koyi komai ba.

Na arfejiyo, wato buga sautukan kod (rukunin sautukan da ake haɗawa tare) ɗaya bayan ɗaya, ba a yi abin da ya maye gurbin darussa 120 na hannun dama da Mauro Giuliani ya wallafa a Vienna a 1812 ba. Kod biyu ne kawai, C da G7, don hankali ya tattara a dama. Kada ka bi su daga 1 zuwa 120 kamar karatun jarida. Ɗauki uku ko huɗu ka zauna da su mako guda. Idan tsarin hawa ne, p-i-m-a, dasa yatsu duka lokaci ɗaya sannan ka sake su ɗaya-ɗaya. Idan sauka ne, a-m-i, kowanne ya sauka daidai lokacin da na gabansa ke bugawa. Lura da p: daga gindinsa kusa da wuyan hannu yake motsi, kuma kada bugunsa ya girgiza hannu.

Tiremolo p-a-m-i ne, sauti huɗu masu tazara ɗaya. Ɗingishin da kake ji daga wuri biyu yake zuwa. Na ɗaya, a-m-i suna gangarowa a dunƙule don hannu ya saba rufewa haka, sai a samu rami tsakanin i da p na gaba. Na biyu, p ya fi sauran nauyi yana jan hannu. Kai duka huɗun kan tsirkiya ta 2, har da p, a 50 ko 60, da dasawa, kowane yatsa na kashe sautin na gabansa. Ta 2 na ce ba ta 1 ba, don tana da maƙwabta gaba da baya, yatsan da ya yi babban zagaye zai taɓa ta 1 ya tona kansa. Sannan ka riƙa matsar da nauyi: zagaye takwas a ne mai ƙara, takwas m, takwas i. Yawanci m ne ke ɓacewa. Sai gutsure, p-a-m-i-p, tsaya. Ɗauki kanka a waya ka saurara a rabin sauri, ramin zai fito fili. Wajen 120 zuwa sama ne kunne ke fara jin sa kamar zare ɗaya, amma a ganina 110 mai daidaito ya fi 140 mai ɗingishi daɗin ji nesa ba kusa ba. Kada ka afka wa Recuerdos de la Alhambra, shahararriyar waƙar tiremolo ta Tárrega, yanzu. Darasi na 7 cikin 25 na Matteo Carcassi, Op. 60, yana da wannan tsarin a gajeru, da shi za ka fara.

Wani lokaci dama ba ta da laifi, haɗuwarta da hagu ce ba ta daidaita ba. Ware wurin da ke ba ka wuya, buga shi da dama kaɗai kan tsirkiyoyi a sake, da yatsun da ka rubuta. In ya tafi, matsalar haɗuwa ce: koma a hankali, yatsan hagu ya sauka daidai lokacin da na dama ke zamewa, kuma ka rage matsin hagu, don hannu ɗaya in ya ƙage ɗayan na kwaikwayonsa.

Minti 45 ɗinka sun isa. Biyar na saki, goma na i-m da m-a da gutsure, goma na Giuliani, biyar na tiremolo, sauran ka yi waƙa don kada ranka ya gundura. Duk bayan minti goma saki hannu ya rataya na minti ɗaya. Rubuta lambar metronom da ka tsaya a kai cikin ɗan littafi, gobe ka fara ƙasa da ita da 10. In gidan haya kake, maƙwabta sun kwanta, cusa ƙyalle ko safa ƙarƙashin tsirkiyoyi kusa da gada, katakon da ake ɗaure su a fuskar jita. Ƙarar za ta mutu, saura tak-tak, wanda ma ya fi nuna rashin daidaito. Ranar da ka wuni kana sauke kaya, ko ka sha cunkoson Oshodi a tsaye cikin mota kana riƙe da ƙarfe, bar gutsuren gudu, yi na saki da na dasawa kawai. Waɗannan robobin matsa hannu da ake sayarwa don ƙarfin yatsu, bar su. Ƙanƙamewa suke koyarwa. Lissafin ci gaban kuma da watanni ake yin sa.

Duba jitar ma. A ƙarfe na 12 cikin ƙarafan wuyan jita, tazarar tsirkiya ta 6 da ƙarfen ya kamata ta kasance wajen milimita 4, ta 1 kuma wajen 3. Laimar Legas da damina tana kumbura katako tazarar ta ƙaru, hagu ta sha wuya, dama ta kwaikwaya. Da hunturu katakon ya bushe ta sauka, har a ji zuza. Ajiye ta cikin akwatinta, nesa da bango mai danshi, kada ka bar ta a but ɗin mota. Gumi da iskar teku suna cin tsirkiyoyi uku masu kauri da wuri, su yi baƙi amonsu ya dushe, kai kuma ka riƙa ƙara ƙarfi ba ka sani ba. Goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane zama. Sayi masu matsakaicin tauri, irin D'Addario EJ45, ka bar masu tauri sai hannu ya sake. Tsirkiyar ƙarfe kuwa kada ta kusanci wannan jitar, za ta iya ɗaga gada ta lanƙwasa wuya.

Gajiya mai wucewa bayan ɗan hutu ba komai ba ce. Zafi mai suka a wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko yatsu su riƙa mutuwa suna tsikari kamar allura, wannan tsayawa ake yi, kwana biyu ko uku. In ya dawo, asibiti. Haka nan idan yatsa ɗaya ya fara naɗewa cikin tafi da kansa duk lokacin da ka ɗauki jita, ba zafi, kuma ƙarin aiki na ƙara masa: kada ka yi masa dole, ka ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da wuri. In da hali, ka samu malamin kilasik ya kalli hannunka ko da sau ɗaya a wata; makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan wuri ne da za ka fara tambaya. Ka je da jitarka da ɗan littafin lambobinka, ka roƙe shi ya duba wuyan hannu da siffar farce kafin komai.